Wane inji zan ɗora wa tsohuwar Hilux don jan tirelar shinkafa?

Manomi daga Bunza:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema wurin masu sanin inji. Akori-kura gare ni, Toyota Hilux ta 1991, mai kabin guda, mai ja gaba da baya, injin fetur 22R mai kafireto, giya biyar. Injin ya gaji. In an taka mai sai hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai wajen lita guda a kilomita 600, kuma in an tashe ta da safe ana jin kacakacar sarƙa daga gaban inji na ɗan lokaci kafin ta yi shiru.

Aikin da nike so ta yi shi ne jan tirela mai aksul guda. Tirelar fanko kilo 450 ce. Zan riƙa ɗora mata buhu goma na shanshera daga fadama zuwa Birnin Kebbi ko Jega, wani lokacin kuma injin casa. Duka dai ba zai wuce kilo 1,300 ba. Rabin hanyar yashi ne da laka, rabi kwalta, kuma aikin ya fi yawa lokacin girbin rani, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke kan ganiyarsa.

Abu uku aka kawo mini. Akwai 22R da wani gareji ya ce ya sabunta, in ba su nawa da ciko su ba ni nasu. Akwai injin gas 3L ɗan Baljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano. Wani kuma ya ce in sa 3RZ mai injekta. Wanne zai ja kaya bai dafe ba? In kuma sabuntaccen ne, mi zan duba kafin in biya?

Mai haɗa inji, Jega:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga wanne ya fi, tambayi garejin nan abin da suka yi wa injin. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan sabuntacce, ringi da metal (ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu) kawai aka canza, aka wanke da fetur, aka fesa fenti. Irin wannan zai yi yawon cikin gari lafiya lau, amma ka rataya mishi tan guda da ɗori cikin yashi, ba a jima ba hayaƙin zai dawo. Dalili kuwa, ramin silinda in ya ci, sama ya fi ƙasa buɗewa, kuma ba ya zama da'ira daidai. Sabon ringi ba ya kama irin wannan bango, komai kyansa.

Sabuntawa ta gaskiya daga awo take farawa. Ramin 22R milimita 92 ne tun daga kamfani. A auna kowane rami a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsaye da kuma gicciye. In ya wuce ƙa'ida a kai bulok wurin masu injin yanka su ƙara faɗin ramin da milimita 0.50, a sa sabbin fistin na 0.50. Kuma fistin ake fara saya a kai musu, su yanka ramin daidai da su, ba a yanka sannan a tafi kasuwa neman abin da zai shiga ba. Kiranshaf in yana da zane da farce ke kamawa, a gurza shi a rage milimita 0.25, wanda makanikai ke ce wa 010, a sa metal mai lambar. Ratar mai tsakanin metal da kiranshaf ya kamata ta tsaya tsakanin 0.025 da 0.055 na milimita. Ba a gane wannan da juya kiranshaf da hannu a ce ya yi laushi. Akwai zaren roba na awo, Plastigage, ana ɗora shi a ɗaure a kwance a ga faɗin da ya baje. Garejin da ya kasa gaya maka lambar fistin da ta metal da ya sa, to bai auna komai ba.

Ƙarar nan da kake ji da safe sarƙar taimin ce, kuma ita ce babban ciwon wanga inji. Samfurin shekarun motarka sarƙa mai layi ɗaya gare shi, tana gudu a kan madogaran roba. In sarƙar ta saki sai ta riƙa dukan robar har ta karye, gutsattsarin su faɗa cikin sam, wato kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji, su toshe rariyar famfon mai. Daga nan sarƙar ta fara cin murfin alminiyam na gaba, har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. Don haka duk 22R da za ka saya, sai an sa sabuwar sarƙa, haƙora biyu, tenshina mai miƙe sarƙar, da madogarai, in an samu masu bayan ƙarfe sun fi. A cire sam a wanke rariya. Famfon mai ma sabo, tunda matsin mai ne ke tura tenshina.

Wani tarko da ake faɗawa: 22R iri biyu ne. Daga samfurin 1985 bulok ɗin ya fi na da gajarta da kusan milimita 5, sarƙarsa ƙwaya 96, ta tsohon ƙwaya 98, fistin da kan inji ma daban. Masu haɗa inji daga gawarwaki biyu ko uku sukan gauraya su, inji ya tashi amma ƙarfi babu, ko ya riƙa ƙwanƙwasa. Leƙa ramukan fitar hayaƙi a kan injin: na tsohon zagayayyu ne, na sabon sun yi faɗi daga gefe ɗaya.

Kan inji kuwa alminiyam ne, ba ya yafe zafi. A ɗora mishi madaidaicin ƙarfe a zura filagej, wato siraran ƙarafan auna rata. In lanƙwasar ta wuce milimita 0.15 sai an share fuskar. Amma kan da aka sha sharewa yana kusanto kamshaf da kiranshaf, sarƙa ta yi sako-sako, taimin ya koma baya. A gwada shi da matsin ruwa ko akwai tsaga, a gurza bawul, a canza robobin bawul. Kusoshin kai da sifana mai awo ake ɗaure su, Nm 78 (ma'aunin ƙarfin murɗawa), daga tsakiya zuwa waje, a zagaye uku. Ba da bututu a kan sifana ba.

Ra'ayina, in bulok ɗinka bai taɓa dafewa ba, kada ka ba da shi musaya. Ka san tarihinsa, ba ka san na nasu ba. Gara a kwance naka a gabanka, ka sayi kayan da hannunka.

Bakaniken gas, Yawuri:

Malam na Jega ya yi bayani mai kyau a kan 22R, ba ni da abin ƙarawa. Ni dai ga mai wannan aiki kullum, gas nake zaɓa mishi, amma bari in faɗi gaskiyar lamba don kada a yi zaton abin da babu.

Injin 3L cc 2,779 ne, ƙarfin doki wajen 90, ƙarfin murɗawa Nm 188 a juyi 2,400 a minti. Shi 22R cc 2,366, dokinsa wajen 100, murɗawarsa ta kusa da ta 3L, sai dai sai ya kai juyi 2,800 yake ba da ita. Ka ga ke nan wanda ke jiran ya sa 3L mota ta koma tarakta zai sha mamaki. A kan kwalta 22R mai lafiya zai ma wuce shi. Inda gas ya yi fice shi ne ƙasa-ƙasa: tashi da kaya daga tsaye, tafiyar hawainiya cikin yashi ba tare da ƙona kuloci ba, da kuma shan mai in an ɗaura kaya. Injin kafireto in ya ji nauyi shansa tashi yake sosai, na gas kaɗan yake ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 lissafin nan ya canza, sai mutum ya zauna ya auna kilomitansa da kuɗin lita a garinsu. In an samu 5L, mai cc 2,986, ya ɗan fi 3L, amma a tabbata mai famfon gas na gargajiya ne, ba 5L-E mai kwamfuta ba.

Kuɗin juyawar ne mutane ba sa lissafawa. Ba inji kaɗai za ka saya ba. Bakin giyabos na injin R, irin su 22R, ba ya kama injin L, irin su 3L, don haka ko dai a nemo bakin da ya dace ko a sayi inji haɗe da giyabos ɗinsa, wanda shi ya fi kwanciyar hankali, a kuma duba tsawon furofela. Kujerun inji daban. Lagireto na gas. A sauke tanki a wanke, a ja layin komawar mai, a sa filta mai raba ruwa. A haɗa wayar hita, wato fulogin ɗumama silinda kafin a tayar, da rilenta, a sa batir babba. Sannan abin da ya fi komai haɗari in an manta: injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa birki. A injin L wani ɗan famfo ne a bayan altaneta ke wannan aiki. In aka sayar maka da inji ba altanetarsa ta asali, aka ɗaura ta fetur, birki zai yi tauri kamar dutse, ga tirela a baya.

Ɗan Baljiyam kuma ba sabo ba ne, tsoho ne da ba ka san nisan da ya yi ba. Kada a saye shi sai an tashe shi a ƙasa, da sanyinsa. A cire hita a auna matsin silinda: sabo yana ba da kilo 32 a kan santimita murabba'i, ƙasa da 20 ya mutu, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5. Buɗe murfin mai yana aiki, in yana huci da ƙarfi ringi sun tafi. Kafin ya hau mota a canza bel na taimin da tenshina da famfon ruwa. Bel ɗin kowane kilomita 100,000 ake canza shi, in ya tsinke fistin na dukan bawul. In har za a buɗe kai, gasket ɗin kauri uku ne, ana zaɓa ne gwargwadon yadda fistin ya ɗago sama da fuskar bulok. Mai shago yakan miƙo wanda ke kusa da hannunsa.

Masu turbo irin 2L-T da 1KZ suna da ƙarfin ja na gaske, amma kansu na tsagewa in sun yi zafi. Ga jan kaya a Afrilu a ƙasar Kabi, da ruwan rijiya a lagireto, ban ba da shawara ba.

Direban dogon zango, Zuru:

Ranka shi daɗe, su biyun inji suke kallo, ni abin da ke kewaye da injin nake kallo. Kilo 1,300 bai fi ƙarfin 22R mai lafiya ba. Abin da ke kashe inji wurin ja shi ne zafi da giyar da ba ta dace ba.

3RZ a takarda ya fi su duka, cc 2,693, doki 150, Nm 240, amma sai juyi 4,000 yake cika ƙarfin nan. Yana buƙatar kwamfutarsa, wayoyinsa cikakku ba yankakku ba, da famfon fetur mai matsi. In akwai mai wayarin da ya ƙware kusa da kai, inji ne nagari. In babu, ranar da ya tsaya a bakin fadama ba mai tayar da shi da sukudireba.

Fara da sanin aksul ɗinka. A farantin da ke cikin bonet akwai lamba irin G292 ko G252 ko G142. Ta farkon 4.10 ke nan, ta biyu 4.56, ta uku 4.88, wato yawan juyin da furofela ke yi kafin tayoyi su juya sau ɗaya. In farantin ya goge, ɗaga taya guda ta baya, sa alli a furofela, juya tayar sau biyu cif ka ƙirga juyin furofela, abin da ka samu shi ne lambar. Da 4.56 da taya 205R16, a giya ta huɗu kana gudun kilomita 80 inji na juyi wajen 2,600, kusa da inda 22R ke da ƙarfi. Ka sa ta biyar ya faɗo wajen 2,200, ka danne totur har ƙasa, inji na nishi, allurar zafi na hawa. Kada a ja tirela da giya ta biyar. Ta huɗu kai tsaye take wucewa cikin giyabos, ta biyar kuwa ta ƙananan haƙora take bi, su ne ke fara kuka. A hawa, in gudu ya sauko 60, koma ta uku, juyi ya tashi wajen 2,800. Manyan tayoyin ado kuma suna cinye ƙarfin ja, a bar su. Cikin yashi sa ƙaramar giya tun kafin ka shiga, ba sai ka kafe kana wasa da kuloci ba. Tunda inji zai sauka, sa wa kuloci sabon faranti da kaba da rilis, a share fuskar filawil.

Tirela mai wannan nauyi tana son birkinta. Ƙa'idar da masu ƙera motoci da yawa ke bi ita ce tirela marar birki kada ta wuce kilo 750. A sa mata kan ja mai birkin turawa, wanda ke kama kansa in mota ta rage gudu. Ƙugiyar ja a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi masu lamba 8.8, ba walda a bamba ba, da sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashi. Nauyin da ke danne ƙugiya ya zama wajen kashi goma cikin ɗari na tirelar, wato kilo 130 a naka lissafin. In buhuna suka taru a baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya a kan kwalta. Kilo 130 ɗin nan kuma a cire shi daga abin da za a loda a bodi.

Manomi daga Bunza:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Hankalina ya fi kwantawa da a gyara nawa 22R ɗin, tunda bai taɓa dafewa ba, kuma aikin na lokaci ne ba na kullum ba. Saura tambaya biyu. Bakanikenmu ya ce a cire tamostat, abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, tunda ƙasarmu zafi gare ta. Ya kuma ce bayan an haɗa za a bar injin yana silo wuni guda don ringi su zauna. Haka ne?

Mai haɗa inji, Jega:

Alhaji, duka biyun a'a, kuma ka faɗa mishi cikin girmamawa, don al'ada ce da ta yaɗu a gareji da yawa.

Tamostat ba ya hana inji sanyi. In ruwa ya kai zafinsa buɗewa yake gaba ɗaya. Inji mai zafi da tamostat mai lafiya, matsalarsa na wani wuri. In an cire shi kuma, da safiyar hunturu inji ya daɗe bai ɗumama ba, fetur ya riƙa wanke mai daga bangon silinda, sabon ramin da ka biya kuɗi aka yanka ya fara ci. Sa mai buɗewa a digiri 82. Kafin a ɗaura, jefa shi a tafasasshen ruwa ka ga ya buɗe da idonka, don na jabu sun yi yawa.

Inda za ka kashe kuɗin shi ne lagireto. A sa mai layi uku, ko a buɗe naka sama da ƙasa a zure bututun ɗaya bayan ɗaya. Murfinsa sabo mai matsin bar 0.9, domin da shi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 118, in robar murfin ta mutu kuwa a 100 zai tafasa. Kwandon da ke kewaye da fanka a mayar da shi in an taɓa cirewa, in babu shi fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba, kuma a tafiyar yashi ba iskar gudu da za ta taimaka. Kulocin fanka: inji na da zafi a kashe shi a juya fankar da hannu, in ta yi ta juyawa sakaka man cikinta ya ƙare. Ruwan rijiya da na gulbi suna barin ƙanzo a bututu. A haɗa kulant da tataccen ruwa rabi da rabi, irin ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Lokacin casa kuma ƙaiƙayi na toshe fuskar lagireto da filtar iska, a riƙa hure su daga ciki zuwa waje.

Maganar silo, ringi ba ya zama sai da matsi a bayansa, matsin kuwa sai inji na ɗauke da aiki. Wuni guda yana silo bango zai yi santsi, injin ya tashi da shan mai tun yana sabo. Yadda ake yi: a cire fulogi a juya da kik har fitilar mai ta mutu, a mayar a tayar, a bar shi ya ɗumama ana duba yoyo, a saita wuta da fitilar taimin bisa lambar da ke takardar bonet, sai a hau hanya. A giya ta uku a taka daga 40 zuwa 70, a saki totur ta sauko da kanta, a maimaita wajen sau goma. Bayan haka tafiya ba kaya, ana sauya gudu, kada a wuce juyi 3,000. A kilomita 800 a zubar da mai da filta, a sake saita bawul da zafinsu, na shiga 0.20, na fita 0.30. Mai na gargajiya 20W-50 ko 15W-40, lita huɗu da ɗan ɗori. Tirela kada ta hau sai an haura kilomita 1,500, a fara da rabin lodi. Ka ga ke nan aikin ba na satin girbi ba ne, a yi shi tun Fabrairu.

Kafin ka cika kuɗin aiki a yi awo biyu a gabanka. Matsin silinda, inji da zafi, totur a buɗe: lafiyayye wajen psi 170, kada ko ɗaya ya gaza 142, bambanci tsakaninsu kada ya wuce 14. Matsin mai da agogon hannu, ba fitilar dashbod ba: a juyi 3,000 ya tsaya tsakanin psi 36 da 71. In kana jan kaya a hawa ka ji ƙara siririya na fitowa daga inji in ka danna totur, wuta ta yi gaba da yawa ko kafireto na ba da fetur kaɗan. Sauke giya nan take, a gyara kafin tafiya ta gaba, don wannan ƙarar ce ke fasa gefen fistin.

Bakaniken gas, Yawuri:

Tunda aikin na lokaci ne, na yarda, kuɗin juyawa zuwa gas ba zai dawo da wuri ba. Abu guda zan ƙara. In aka buɗe aka tarar bulok ɗinka ya tsage ko an riga an yanka shi har 1.00, dole a sayi wani. To a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago, a je ofishin lasin a gyara lambar a takardun mota, don a shingen hanyar Kamba ko ta Yawuri ana iya buɗe bonet a gwada ta da abin da ke rubuce.